Waƙar da Ta Gina Jami'ar Fisk, da Jawabin da Ya Girgiza Ta

Ranar 6 ga Oktoba, 1871, ɗalibai tara, maza huɗu da mata biyar, suka hau jirgin ƙasa a birnin Nashville na Jihar Tennessee, suka nufi arewacin Amurka. Mafi yawansu a cikin bauta aka haife su, ƙaramarsu kuwa, Minnie Tate, shekarunta 14. Jagoransu shi ne George White, Bature, ma'ajin makarantarsu kuma malamin waƙa. Kafin su tashi sai da ya kwashe kusan duk abin da ya rage a asusun makarantar don biyan kuɗin tafiya. Shawarar da ya yanke ita ce yaran su yi ta rera waƙa daga gari zuwa gari har a tara abin da zai hana a rufe Jami'ar Fisk. Idan tafiyar ta ci tura, babu makarantar da za su komo su tarar.

A yawancin jami'o'i, laccar da ake gayyatar jama'ar gari da wasan mawaƙan ɗalibai kan zama kamar ado: a buga sanarwa, a cika zaure, a tafa, kowa ya watse. A Fisk abin ya wuce haka. Dandalin da ɗalibai ke hawa su yi waƙa shi ya ciyar da jami'ar, ya gina mata mazauni. A kan dandalin nan ne kuma, bayan shekara 53, wani tsohon ɗalibi ya miƙe ya tambayi abin da aka sayar kafin a samu kuɗin. Tarihin waɗannan biyun, waƙa da jawabi, tarihi ne na tambaya guda: idan jami'a ta buɗe baki a gaban jama'a, da muryar wa take magana?

Makaranta a tsohon barikin soja

An buɗe Fisk ranar 9 ga Janairu, 1866, watanni kaɗan bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka da haramta bauta. Wata ƙungiyar 'yan mishan ta arewacin ƙasar ce ta kafa ta, aka sa mata sunan Janar Clinton Fisk, jami'in hukumar kula da 'yantattun bayi a Tennessee, wanda ya samar mata da wuri. Wurin kuwa tsofaffin ɗakunan katako ne da sojoji suka yi asibiti a ciki lokacin yaƙi. A jihohin kudu da dama, koya wa bawa karatu laifi ne da doka ta hana, don haka da ƙofa ta buɗe sai ɗaruruwan mutane suka yi cincirindo, daga yara 'yan shekara bakwai har tsofaffi masu furfura.

Shekara biyar bayan haka, katakon ya fara ruɓewa, bashi ya taru, albashin malamai ya maƙale, abincin ɗalibai ya yi ƙaranci. Ƙungiyar da ta kafa makarantar tana da makarantu da yawa a wuyanta, ba ta da abin da za ta ƙara. Shugabanninta ba su yi na'am da shawarar White ba, don suna ganin kasada ce da za ta iya jawo abin kunya. Shi kuwa ya dage, ya haɗa da aljihunsa da rance, ya tafi.

Waƙoƙin da aka ɓoye

A Amurka ta wancan zamani, abin da farar fata suka saba gani a dandali da sunan baƙar fata shi ne wasan izgili: Turawa su shafa baƙi a fuska, su kwaikwayi bayi da rawa da wauta, 'yan kallo su yi ta dariya. Saboda haka ne mutane da yawa suka zo kallon ɗaliban Fisk da shirin dariya, suka tarar da matasa cikin shiga ta mutunci, suna rera waƙa da natsuwa. Wasu suka yi mamaki, wasu suka fusata. Masaukai suka riƙa korar su, kuɗin da ake samu a dare ɗaya sau da yawa bai kai na abinci da makwanci ba. A wani gari na Jihar Ohio sun tara kusan dala 50, amma a makon ne gobara ta cinye birnin Chicago, sai suka miƙa kuɗin gaba ɗaya ga waɗanda gobarar ta shafa.

Da farko, yawancin abin da suke rerawa waƙoƙin Turawa ne, don White yana so ya nuna cewa ɗiyan bayi za su iya duk abin da ɗiyan iyayengijinsu ke iyawa. Waƙoƙin ibada da iyayensu suka ƙirƙira a gonakin auduga da ɗakunan bayi kuwa, ɗaliban ba sa son fito da su. Ella Sheppard, wadda ke kaɗa fiyano kuma ita ce ginshiƙin horar da ƙungiyar, ta bayyana daga baya cewa suna ɗaukar waƙoƙin a matsayin abu mai tsarki ga iyayensu, kuma abin da ke tuna musu da zamanin da suke son mantawa. Ita kanta mahaifinta ne ya fanshe ta da kuɗi tana ƙarama. Sannu a hankali suka lura cewa duk lokacin da suka saka ɗaya daga cikin waɗannan waƙoƙi a ƙarshen wasa, zauren kan yi tsit, wasu har da hawaye.

A watan Nuwamba suka isa garin Oberlin na Jihar Ohio, inda limaman wata babbar ɗariƙar coci suke taronsu na ƙasa. Aka ba su 'yan mintoci a tsakiyar zama, suka rera waƙar bayi da murya ƙasa-ƙasa, hayaniyar zauren ta mutu. A cikin wannan tafiya ce White ya raɗa musu suna Mawaƙan Jubili, daga shekarar 'yanci da aka ambata a babi na 25 na Littafin Firistoci, wadda ke zagayowa duk shekara hamsin a saki bayi. A watan Disamba, Henry Ward Beecher, mai wa'azin da ya fi kowa suna a Amurka a lokacin, ya gabatar da su a cocinsa da ke Brooklyn, ya buɗe jakarsa a gaban jama'a, ya ce kowa ya yi haka. Daga ranar ƙofofi suka buɗe. Suka yi waƙa a gaban Shugaba Ulysses Grant a fadar gwamnati a 1872, suka koma Nashville da dala 20,000.

A 1873 suka tsallaka teku zuwa Birtaniya. Suka rera wa Sarauniya Biktoriya waƙa, Firayim Minista William Gladstone ya karɓe su a gidansa, wani mai zane ɗan Ingila, Edmund Havell, ya zana hotonsu wanda har yau yana rataye a jami'ar. Zagaye na gaba ya kai su Holan da Jamus. Cikin shekara bakwai sun tara kimanin dala 150,000. Da kuɗin aka sayi fili a kan tudun da sojoji suka taɓa yin sansani, aka gina Zauren Jubili, aka buɗe shi a Janairun 1876. Shi ne gini na dindindin na farko da aka yi a kudancin Amurka domin ilimi mai zurfi na baƙar fata.

Abin da aka biya

Ginin bai zo a banza ba. Matar White ta rasu da zazzaɓin taifot a Glasgow a 1874. Benjamin Holmes, wanda ya koya wa kansa karatu daga allunan shaguna yana yaron tela a Charleston, ya rasu da tarin fuka a 1875. Tafiyar dare da rana da sanyin Turai suka karya lafiyar da dama daga cikinsu, ga saɓani tsakanin White da shugaban jami'ar, Erastus Cravath, kan yawan aikin da ake ɗora musu. A 1878 aka rushe ƙungiyar. Mafi yawan tara na farko ba su kammala karatun da suka fita nema wa kuɗi ba. Isaac Dickerson da Thomas Rutling sun ƙare rayuwarsu a Ingila.

Akwai wani farashin kuma da bai fito fili ba sai daga baya. Ɗaliban sun ɗauko abin da iyayensu suka ɓoye wa iyayengiji, suka gyara shi da tsarin waƙar Turai, suka kai shi gaban masu kuɗi. Wannan ya ceci waƙoƙin daga ɓacewa, domin tun 1872 ake rubuta waƙoƙin ƙungiyar ana bugawa. Sai dai ya koya wa jami'ar wata ɗabi'a: duk lokacin da asusu ya bushe, a tura yara su yi waƙa. Tsakanin mawaƙi da maroƙi tazara kaɗan ce, kuma mai bayarwa ne yakan so ya shata iyakar.

Ɗalibin da ya ji waƙar

A 1885 wani saurayi daga Massachusetts, W. E. B. Du Bois, ya shigo Fisk. A arewa ya tashi, cikin garin da baƙar fata ba su da yawa, don haka a Nashville ya fara zama cikin al'ummarsa sosai, a nan kuma waƙoƙin bayi suka kama shi. Ya zama editan jaridar ɗalibai, Fisk Herald, ya kuma yi jawabin bikin yaye ɗalibai na 1888 a kan Bismarck, mutumin da ya haɗa kan Jamus. Da ya wallafa shahararren littafinsa The Souls of Black Folk a 1903, ya ɗora ɗan guntun sautin waƙar bayi a kan kowane babi, ya keɓe babi na ƙarshe ga waƙoƙin da labarin Mawaƙan Jubili.

A zamanin nan, muhawara ta yi zafi kan irin ilimin da ya dace da baƙar fata. Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee, ya fifita koyon sana'a da noma, manyan attajiran arewa da Turawan kudu kuma suka fi jin daɗin wannan ra'ayi. Du Bois ya tsaya kan cewa al'ummar da ba ta da lauyoyi da likitoci da masana nata za ta dawwama a hannun wasu. A 1908 ya dawo Fisk ya yi lacca a kan Galileo, masanin taurarin da ya janye gaskiyar da ya gano saboda tsoron hukuma. Kowa a zauren ya gane cewa jami'ar yake yi wa hannunka mai sanda, kada ta janye manufarta don neman yardar masu kuɗi.

Waƙa kuwa ba ta tsaya ba. John Wesley Work, malamin Latin da tarihi, ya farfaɗo da al'adar, ya bi ƙauyuka yana tattara waƙoƙi daga bakin tsofaffi. A 1909 shi da wasu mutum uku suka ɗauki faifan garmaho da kamfanin Victor, muryar Fisk ta shiga gidajen da ba su taɓa ganin ɗalibinta ba.

Jawabin 2 ga Yuni, 1924

A 1915 Fayette McKenzie, Bature masanin zamantakewa, ya zama shugaban Fisk. Mutum ne mai ƙwazo: ya ɗaga darajar karatu, ya sa gaba wajen tara asusun dindindin na dala miliyan ɗaya, wanda rabinsa zai fito daga wata gidauniyar ilimi ta iyalan Rockefeller. Don ya kwantar da hankalin masu bayarwa da Turawan Nashville, sai ya ɗaure ɗalibai tamau. Ya rufe jaridar Fisk Herald, ya hana majalisar ɗalibai, ya ƙi yarda a buɗe reshen ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP, ya ƙayyade irin tufafin da mata za su sa, ya tsananta dokar hulɗar maza da mata. Work ya ajiye aiki a 1923. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, McKenzie kuwa da kan ɗalibansa yake yin askin.

A watan Yunin 1924 aka cimma burin dala miliyan ɗaya. A makon bikin yaye ɗalibai, wanda 'yar Du Bois, Yolande, ke cikin masu kammalawa, aka gayyace shi ya yi wa tsofaffin ɗalibai jawabi. McKenzie da amintattun jami'ar suna zaune a zauren. Du Bois ya aro kan jawabinsa daga Latin, ma'anarsa dogon shiru, ya ce ya daɗe yana kame bakinsa, amma lokacin magana ya yi. Ya jera ƙorafe-ƙorafen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ya ce jami'ar da ke tarbiyyantar da matasa a kan tsoro da leƙen asirin juna ba za ta fitar da 'yantattun mutane ba, komai yawan kuɗinta.

Zargin da ya fi ƙona zukata, a cikin yaƙin da ya buɗe da wannan jawabi ya kuma ci gaba da shi a rubuce, ya shafi waƙa ne. Du Bois ya ce an ba shi labarin cewa shugaban ya kwashi 'yan mata mawaƙan jami'ar da dare, ya bi da su ta lungu, ya shigar da su ta ƙofar barori zuwa wani kulob na Turawa, suka yi waƙa a ɗakin ƙasa, mazan suna shan taba suna hira da dariya. Duk wanda ya san tarihin Fisk ya san nauyin wannan magana. Waƙoƙin da Ella Sheppard da 'yan uwanta suka kai fadar sarauniya ta ƙofar gaba, su ne yanzu ake shigarwa ta ƙofar baya.

Jawabin bai tsaya a zauren ba. Du Bois shi ne editan mujallar The Crisis, ya yi amfani da ita ya yaɗa batun a faɗin ƙasar. Da aka koma zangon karatu, ɗalibai ƙarƙashin jagorancin irin su George Streator suka miƙa buƙatunsu ga amintattu, ba a biya musu ba. Daren 4 ga Fabrairu, 1925, samari suka yi zanga-zanga a ɗakin kwanansu, suna buga kwanoni, suna fasa tagogi. McKenzie ya kira 'yan sandan Nashville, dukkansu farar fata, suka shigo harabar da makamai, suka kama ɗaliban da ya ba da sunayensu. A birnin da baƙar fata suka san abin da shigowar 'yan sanda ke nufi, wannan mataki ya raba shi da iyaye da tsofaffin ɗalibai. Yawancin ɗalibai suka ƙaurace wa azuzuwa na tsawon mako goma. A watan Afrilu McKenzie ya yi murabus. Wanda ya gaje shi, Thomas Elsa Jones, shi ma Bature ne, amma aka sassauta dokoki, aka ba tsofaffin ɗalibai kujeru a kwamitin amintattu.

Adalci ya wajaba a yi wa McKenzie: kuɗin da ya nema jami'ar tana bukatarsu, kuma a Tennessee ta 1920 da 'yan kai, fushin Turawan gari ba abin wasa ba ne. Kuskurensa shi ne ya ɗauka dandalin jami'a kadara ce ta shugaba, wadda zai iya jinginar wa duk wanda ya ga dama. Waɗanda suka gina dandalin da maƙogwaronsu suna da wani ra'ayin daban.

Dandalin da ya koma hannun masu shi

A 1946 aka zaɓi Charles S. Johnson, masanin zamantakewa, ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci Fisk, shekara 80 bayan kafa ta. Tun 1944 ya ƙirƙiro wani taron shekara-shekara kan dangantakar launin fata, inda masana da lauyoyi, farare da baƙaƙe, ke yin lacca a zaure ɗaya, su ci abinci a tebur ɗaya, a cikin jihar da doka ta wajabta wariya. Jaridun gari sun yi ta suka, taron bai fasa ba. Thurgood Marshall, lauyan da ya yi nasara a shari'ar da ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954, yana cikin masu yawan yin jawabi a wurin.

A ɓangaren waƙa ma an sami sauyi. Ɗan Work, John Wesley Work na uku, ya mai da waƙar talakawa abin nazari. A 1941 shi da abokan aikinsa na Fisk suka haɗa gwiwa da Alan Lomax na ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka, suka shiga gonakin Mississippi da na'urar ɗaukar murya. Cikin waɗanda aka ɗauka akwai wani direban tarakta da duniya ta sani daga baya da sunan Muddy Waters.

Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, ɗaliban Fisk da na sauran makarantun baƙar fata na Nashville suka fara zaman dirshan a wuraren cin abinci na manyan kantuna, inda ake karɓar kuɗinsu a sayar musu da kaya amma a hana su zama. An doke su, an kulle su, suka riƙa rera waƙoƙin kakanninsu a cikin kurkuku. Da asubahin 19 ga Afrilu aka jefa bam gidan lauyansu, Z. Alexander Looby. A ranar dubban mutane suka yi tattaki shiru zuwa ofishin magajin gari, Ben West. A kan matakalar ginin, wata ɗalibar Fisk mai shekara 21, Diane Nash, ta tambaye shi a gaban jama'a ko yana ganin daidai ne a ware mutum saboda launin fatarsa. Ya amsa cewa ba daidai ba ne. Washegari Martin Luther King ya yi jawabi a Fisk, ya shaida wa taron cewa ya zo ne ya ɗauki darasi daga gare su. Ranar 10 ga Mayu kantuna shida suka fara ba baƙar fata abinci a tebur, Nashville ta shiga sahun farko na manyan biranen kudu da suka yi haka.

Abin da ya rage

Fisk ƙaramar jami'a ce har yau, kuma matsalar kuɗi ba ta rabu da ita ba. Mawaƙan Jubili suna nan, kowace shekara ana zaɓar sababbi daga cikin ɗalibai. Daga 1994 har rasuwarsa a 2022, wanda ya jagorance su ɗan Ghana ne, Paul Kwami. A 2007 ya kai su ƙasarsa lokacin bikin cika shekara 50 da samun 'yancin kai, suka yi waƙa a Elmina, gidan da aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jiragen ruwa. A ƙasar ce kuma kabarin Du Bois yake, domin a Accra ya rasu a 1963. A 2021, shekara 150 bayan tafiyar farko, ƙungiyar ta ci kyautar Grammy.

Duk jami'ar da ke neman kuɗi daga waje, ko daga gwamnati ko daga attajiri, tana fuskantar jarrabawar da Fisk ta fuskanta. Alamar farko ba a littafin asusu take fitowa ba. Takan fito ne a jerin waɗanda aka gayyata su yi lacca da waɗanda aka soke gayyatarsu, da kuma ƙofar da aka bi da ɗalibai ranar da aka kai su nishaɗantar da baƙi. Fisk ta tsira sau biyu: a 1871 saboda ɗalibanta sun yarda su yi waƙa, a 1925 saboda sun ƙi yarda a yi ciniki da waƙar ba da saninsu ba.

Kowace ranar 6 ga Oktoba jami'ar kan yi bikin Ranar Jubili. A taru a cocin harabar, a gayyato mai jawabi, mawaƙa su rera waƙoƙin nan ba tare da kayan kiɗa ba. Bayan an tashi, sai su nufi maƙabartun Nashville inda aka binne wasu daga cikin mawaƙan farko, har da Ella Sheppard, wadda ta dawo ta zauna kusa da jami'ar tana horar da na baya har rasuwarta a 1914. A can, a bakin kaburbura, su sake yin waƙa, babu tikiti, babu faranti mai zagayawa.